Filin Sana'ar Hannu: Ƙudan Fatsa Daga Abin Da Ke Cikin Gida

 Jama'a masu karatu, iyayenmu da 'yan'uwanmu na New Bell da sauran unguwanninmu na Duwala.

A wannan fitowa za mu yi magana ne a kan wani ɗan abu wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma yana iya raba yaro da kwata, ya kuma kawo kifi cikin tukunya. Duk mazaunin wannan gari ya san cewa da zarar an ba da dogon hutu, samarinmu da yaranmu sukan ɗauki fatsa su nufi bakin kogin Wouri, ko Dibamba, ko ƙoramun da ke malala cikinsu. Kafin su tafi kuwa sai sun nemi ƙoto. Ƙoton nan yawanci tana ce, ita kuma tana ba a samunta sai cikin laka mai danshi, wadda a unguwa mai cunkoso irin tamu ba ta wuce gefen kwata da bayan makewayi ba. Manyanmu ba su manta da annobar kwalara ta shekarar 2004 ba, wadda ta kwantar da dubban mutane a wannan gari, kuma cutar ta sake waiwayo mu a 2011 da 2022. Yaron da ya tona laka irin wannan da hannunsa, sannan ya zauna bakin ruwa ya ci burodi da hannun nan, ya ɗauko wa gidansu abin da ba a aike shi ba.

Hana yaro zuwa su abu ne mai wuya, domin in an tsare ƙofa zai bi ta katanga. Abin da ya fi shi ne a koya masa yin ƙoto mai tsabta da hannunsa, wanda ba ya ruɓewa, ba ya wari, kuma ana iya kama kifi goma da guda ɗaya.

Mene ne ƙudan fatsa?

Faransawa suna kiransa "mouche", wato ƙuda, mu ma sai mu ce masa ƙudan fatsa. Ƙugiya ce da ake naɗa wa zare da gashi da ɗan abin ado, har ta ɗauki kamar ƙwaro, ko fara, ko jatan lande, ko ɗan kifi. Idan aka jefa ta a ruwa aka ja ta a hankali, kifi ya zaci abinci ne ya kai mata cafka. Dabarar ta daɗe a duniya. Wajen shekara ta 200 Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Aelianus ya ba da labarin masuntan ƙasar Makidoniya, waɗanda ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura masa gashin zakara guda biyu, su kama kifi da shi. A ƙasar Ingila kuma, wani littafin su da aka buga a 1496 ya bayyana irin ƙuda goma sha biyu, kuma jikunansu na ulu ne. Mu lura da kyau: ulu da gashin kaza, abubuwan da ke cikin kowane gida, da su sana'ar ta fara.

A ƙasarmu ma abin ba baƙo ba ne. A 'yan shekarun nan baƙi daga Turai da Afirka ta Kudu suna zuwa kogin Faro, wanda ke zuba cikin Binuwai a arewacin ƙasarmu, suna kama giwan ruwa da tsage da irin wannan ƙuda. Masuntan gaɓar teku kuwa sun daɗe suna ɗaura ɗan yankin leda ko warwararriyar igiya a ƙugiya suna ja a bayan kwalekwale. Duk dabara ɗaya ce.

Ƙudan fatsa yana da sassa: wutsiya, da jiki, da fiffike, da kai. A cikinsu jiki shi ne uwa, domin shi ke ba ƙudan siffa da launi, kuma shi ke sa ya nutse ko ya tsaya a saman ruwa. Littattafan Turawa da hotunan intanet sukan ce sai an sami gashin wata dabbar teku, ko ulun wani kamfani, ko zaren wata ƙasa. Yaro ya duba ya ga babu ko ɗaya a kasuwar Duwala, sai gwiwarsa ta yi sanyi. To, wannan sanyin gwiwa muke son mu kawar yau.

Darasi daga mutum biyu

Akwai wani Bature mai suna Frank Sawyer, mai gadin kogin Avon a kudancin Ingila, wanda ya shahara a wannan sana'a a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Ƙudansa guda ɗaya da ya game duniya bai ƙunshi komai ba sai siririyar wayar tagulla da 'yan silin gashin wutsiyar wani tsuntsun daji. Wani ƙudan nasa kuma da zaren ulu na cikin safa ya yi shi, wanda ake kira Chadwick's 477, irin wanda matan ƙauyensu ke saye don toshe hujin safar mazajensu. Da kamfanin ya daina yin zaren cikin shekarun 1960, sai masu sana'ar suka shiga nemansa ruwa a jallo, har ɗan ƙullin da bai kai kuɗin burodi ba ya zama abin gwanjo mai tsada. Alhali shi mai dabarar bai zaɓe shi don tsada ba. Ya zaɓe shi ne don yana kusa da hannunsa, kuma ya lura cewa idan ya jiƙe yakan koma launin wani ɗan ƙwaron ruwa da kifi ke so.

Na biyun kuwa wani saurayi ne Ba'amurke, ɗalibin kiɗa a Landan, wanda son gashin tsuntsaye masu wuyar samu ya rufe masa ido. A watan Yunin 2009 ya fasa tagar gidan adana kayan tarihin halittu da ke garin Tring a Ingila, ya kwashe fatun tsuntsaye 299, wasunsu an tara su tun fiye da shekara ɗari, domin ya ɗaura ƙuda da su ya kuma sayar wa masu irin ciwonsa. A 2010 aka kama shi, amma da yawa daga cikin fatun an riga an fige su. Hausawa suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Kifi bai san sunan kamfani ba, bai kuma san tsuntsun da aka fige ba. Abin da yake gani huɗu ne: girma, da siffa, da launi, da motsi. Wanda ya gane wannan, New Bell kaf ɗinta shagon kayan aikinsa ce.

Gwajin kofi

Kafin a naɗa komai a ƙugiya, a cika kofin gilashi da ruwa a tsoma abin a ciki, a duba abu uku. Na farko, yana nutsewa ko yana tasowa? Na biyu, wane launi ya koma bayan ya jiƙe? Yawancin zaruruwa sukan yi duhu cikin ruwa, saboda haka a zaɓi wanda ya ɗan fi launin da ake so haske. Na uku, yana zuba? Zaren da ya rina ruwan kofi ba zai yi kwana biyu da launinsa ba. Bayan haka a ja shi da farce a ga ƙarfinsa, domin haƙorin kifi ba ya tausayi.

Abin da ke wurin teloli da 'yan gwanjo

Mu fara da Kasuwar Kwango, inda telolinmu da masu surfani da masu ɗinkin hula suke. Guntayen zaren da suke sharewa kowace yamma sun ishi yaro aikin shekara. Zaren surfani mai sheƙi yana ba da jiki siriri mai santsi, irin na ƙananan ƙwari. Zaren ɗinki na roba, wanda ba ya tsinkewa da sauƙi, shi ne zaren ɗauri, wanda ke riƙe sauran kaya duka. A goga masa kakin zuma kafin a fara, don ya kama ƙugiya ya daina zamewa. Zaren auduga zalla ba shi da ƙarko, domin yana shan ruwa ya ruɓe.

Daga nan sai Nkoulouloun, wurin 'yan gwanjo. Tsohuwar suwaita, ko hular sanyi, ko safar da ta huje, kowace ɗaya taska ce. Idan aka warware ta za a ga zaren nata sili biyu ne ko uku aka murɗa, sai a raba su a yi aiki da sili guda. Ulun tumaki na gaske yana shan ruwa ya nutse a hankali, kuma 'yan gashin da ke tsattsaye a jikinsa suna motsi cikin ruwa kamar ƙafafun ƙwaro. Ulun roba kuwa ya fi riƙe launi, ya fi saurin bushewa. Mai son rarrabe su ya kusantar da ɗan guntu ga ashana: na gaske yana warin ƙonannen gashi ya zama toka, na roba yana narkewa ya dunƙule. Wannan gwaji aikin manya ne, kada a bar wa yara.

Akwai wata dabara da ke sa jiki ya fi kama da na halitta. A yanka ulu gajere-gajere, a tsefe shi da yatsu har ya zama kamar auduga, a gauraya launi biyu ko uku, misali ruwan ƙasa da kore da ɗan baƙi. Sai a ɗebi kaɗan a murza shi a jikin zaren da aka goga wa kaki, a murza ta gefe guda kawai, sannan a naɗa. Yawancin ƙwarin da Allah Ya halitta ba launi ɗaya tak gare su ba, shi ya sa gaurayen ya fi jan hankalin kifi.

Abin da ke wurin makanikai da masu gyara

Ƙudan da ake so ya nutse yana bukatar nauyi. Masu naɗin koyil da masu gyaran rediyo da fanka suna zubar da siririyar wayar tagulla kullum, haka nan ana samunta cikin matacciyar caja da tsohuwar wayar lantarki idan aka fere robar. Tagulla ta ninka ruwa nauyi kusan sau 9, saboda haka naɗi goma ko goma sha biyar a ƙarƙashin ulu ya isa ya kai ƙuda ƙasa. Idan kuma aka zagaya ta a saman jiki da ɗan tazara, tana fitar da gaɓoɓi irin na tsutsa, tana kuma tsare ulun daga haƙori. Dalma ta fi tagulla nauyi, amma guba ce, musamman ga yara masu sa abu a baki, don haka a nisance ta a wannan aiki.

Tsohon tiyub na keke ko na babur, wanda masu faci ke jefarwa, idan aka yanka shi siriri aka ja shi ana naɗawa, yana ba da baƙin jiki mai gaɓa-gaɓa wanda ba ya lalacewa. Robar ɗaure kuɗi kuwa ƙafafu ce, sai dai rana tana cinye ta, a riƙa sauyawa. 'Yar sarƙar nan mai ƙwallaye da ke rataye a fanka ko a makullin fitila, idan aka yanke ƙwallo biyu a haɗe aka ɗaura su a kan ƙugiya, sun zama idanu kuma sun zama nauyi. Da irin wannan sarƙa aka yi idanun wani shahararren ƙuda da aka ƙirƙiro a tsibiran Bahamas cikin shekarun 1970, wanda har yau ake kamun kifin teku da shi.

Abin da ke cikin ɗaki da madafa

Tsinkakken silifa shi ne sarkin kayan da ke tasowa saman ruwa. A yanka shi da reza gwargwadon jikin fara, ba ya shan ruwa ko ya wuni a ciki. Soson katifa bai dace ba, domin yana tsotse ruwa ya nutse. Zaren buhun shinkafa da igiyar roba ta shanya, irin robar da ake yin su da ita ta fi ruwa sauƙi kaɗan, saboda haka suna taimaka wa ƙuda ya tsaya sama, kuma idan aka tsefe su da allura suna yin fiffike mai kyau. Cikin ledar biskit da ta madara da ta ganyen shayi akwai fuska mai walƙiya kamar azurfa. A wanke ta, a yanka siriri kamar faɗin ashana, a naɗa, sai ga cikin ɗan kifi yana ƙyalli.

Ragowar zaren fatsa mai garai-garai shi ma abin jiki ne. Idan aka naɗa shi a saman leda mai walƙiya ko jan zare, haske yakan ratsa shi, ya yi kama da jikin jatan lande. Kada mu manta, sunan ƙasarmu ma daga wannan halitta ya samo asali, domin da Turawan Fotugal suka shigo bakin Wouri a 1472 suka ga yawanta, sai suka sa wa kogin suna Rio dos Camarões, wato kogin jatan lande. Kifin da ke wannan ruwa da ita ya tashi, ita ya fi sani. A ƙarshe akwai ragowar gashin kanti da ake zubarwa a shagunan kitso. Yana da tsawo, ba ya shan ruwa, yana da launi iri-iri, kuma babu abin da ya fi shi yin jikin ɗan kifi.

Abin da ke jikin dabbobinmu

A wurin masu sayar da kaji a Babbar Kasuwa ana samun gashin wuyan zakara, dogo siriri, wanda idan aka zagaya shi a ƙugiya yake buɗewa kamar ƙafafu. Gashin zabo mai ɗigo-ɗigo yana yin ƙahonnin jatan lande. Lallausan gashin da ke ƙarƙashin cinyar kaza ko talotalo yana numfashi cikin ruwa ko ba a ja shi ba. Silin gashin fiffike guda uku ko huɗu, in aka murɗa su aka naɗa, su ma jiki ne. Lokacin layya kuwa a tuna da gezar rago, da gemun bunsuru, da tukkun wutsiyar sa, kafin a babbake ko a kai wa majema.

Duk abin da aka ɗebo daga dabba a wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi, a shanya a rana ya bushe sarai, a adana cikin kwalba mai murfi tare da ƙwayar kafur saboda asu. Kada a taɓa gashin tsuntsun da aka tsinta a mace. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Marwa a 2006, ta kashe dubban kaji a Yawunde a 2016, ta sake bayyana a yankin Yamma a 2022, kuma ta jikin matattun tsuntsaye take saurin kama mutum.

A nan akwai batun tsarki, tun da yaro zai zuba ƙudansa a aljihu kuma lokacin salla zai same shi a bakin ruwa. Abin da malamanmu na Malikiyya suka karantar a babin tsarki, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halil, shi ne cewa dabbar da ake ci idan an yanka ta, sassanta masu tsarki ne, haka nan gashi da ulu idan aske su aka yi. Amma ƙashin gashin tsuntsu, wato sandar da ke shiga cikin fata, idan daga mushe ne ko an tuge shi daga tsuntsu mai rai, ba shi da tsarki. Hanya mafi sauƙi ita ce a tsaya ga gashin yankakkiyar kaza, a kuma yi amfani da almakashi maimakon tugewa. Tsofaffin littattafan Turawa suna ambaton gashin alade a jikin wasu ƙudaje, mu kuwa ulun suwaita ya wadatar da mu daga wannan.

Haka nan a bar aku da jar wutsiyarsa. Farauta ta rage shi ƙwarai a dazuzzukanmu, har taron ƙasashen duniya na yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016 ya hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Farin gashin kaza da aka tsoma a jan rini yana yin aikin da jar wutsiyar aku za ta yi.

Yadda ake ɗaurawa

Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramin almakashi, da allura, da filaya mai kulle don riƙe ƙugiya, da ɗan gam ko fentin farce marar launi. A sani cewa lambar ƙugiya tana tafiya ne a juye, wato lamba 12 ta fi lamba 4 ƙanƙanta. Ga misali huɗu da za a fara da su.

Na farko tsutsa, a ƙugiya lamba 10 ko 12. A naɗa wayar tagulla daga kusa da ido zuwa inda ƙugiya ta fara lanƙwasa, a rufe ta da sili guda na ulu mai ruwan ƙasa ko ja, tsakiya ta fi gefe kauri, sannan a zagaya wayar sau biyar a sama, a ɗaure. Wannan na karfasa ne da kawara.

Na biyu fara, a ƙugiya lamba 8. A rufe sandar ƙugiya da zare, a ɗiga gam, a ɗora yankin silifa a sama, a ɗaure shi wuri biyu don ya fitar da kai da ƙirji da ciki, a sa robar ɗaure kuɗi a kowane gefe. Ana jefa ta ƙarƙashin itatuwa da gefen ciyawa, da safe ko da la'asar, inda ƙwari ke faɗowa ruwa.

Na uku jatan lande, a ƙugiya lamba 6 ko 4. A ɗaura idanun sarƙa kusa da idon ƙugiya, a ɗaura 'yan silin gashin zabo a wajen lanƙwasa, a naɗa leda mai walƙiya, a bi ta da zaren fatsa naɗi kusa da naɗi. Ana barinta ta nutse, sannan a riƙa fizgarta kaɗan-kaɗan, a gefen saiwoyin matanda inda kifi ke fako.

Na huɗu ɗan kifi, a ƙugiya lamba 2 ko wadda ta fi ta girma. A naɗa leda mai walƙiya a sanda, a ɗaura farin gashin kanti a ƙasa, shuɗi ko kore ko baƙi a sama, tsawonsa ya ninka ƙugiya sau biyu ko uku, a aske shi ya tsuke ta baya. Wannan na kifaye masu farautar 'yan'uwansu ne.

A kowanne, a gama da ƙulli uku ko huɗu a bayan ido, a ɗiga gam, a tabbata bai toshe idon ba. Kuskuren da sabon hannu ya fi yi shi ne cika kaya. Jikin da ya yi ƙiba yana cike tazarar da ke tsakanin tsini da sanda, kifi ya cafka ƙugiya ta kasa kama shi. In ana shakka, a rage.

Yadda ake jefawa, da iyakar abin

Ba dole ba ne sai da sandar Turawa mai tsada. Mutanen duwatsun Japan sun daɗe suna wannan su da doguwar gora da zare da ƙuda kawai. Gora ko gwangwala mai tsawon mita 3 zuwa 4, da zare daidai tsawonta, ta wadatar a ƙorama. Mai son jifa nesa ya ɗaura ƙuda biyu ko uku a jere a zare guda, ya sa ƙaramin noti na ƙarfe a ƙarshe idan ƙasa yake nufi, ko toton kwalba idan sama yake so.

Gaskiya kuwa ita ce, ƙuda ba ya kama kowane kifi. Tarwaɗa da hanci da gashin baki take kiwo, yawanci cikin duhu, saboda haka ba kasafai take kula abin da ba shi da ƙamshi ba. Mai nemanta ya yi ƙoto da hanjin kaza ko guntun kifi daga madafa, ba sai ya je kwata ba. Karfasa ma ganye da gansakuka ta fi ci, ƙaramin ƙuda kawai take ɗauka. Ƙuda aikin ido ne, ya fi ci idan ruwa ya kwanta, wato daga Disamba zuwa Fabrairu. Cikin Yuli da Agusta, lokacin da ruwan sama ke sauka ba ƙaƙƙautawa kogi ya yi jajir, a yi amfani da baƙi ko mai walƙiya, domin su kifi ke iya hangowa cikin gurɓataccen ruwa. Kuma tun da ruwan bakin Wouri yana da gishiri-gishiri, a ɗauraye ƙugiya da ruwan famfo a shanya bayan an dawo, in ba haka ba tsatsa ta cinye ta ta ɓata ulun.

Jan kunne ga iyaye

Wouri ba kamar kogunan arewa ba ne, domin teku tana turo masa ruwa ta janye sau biyu a yini. Tudun lakar da yaro ya tsaya a kai da hantsi yana iya zama tsakiyar ruwa kafin azahar, kuma lakar tana riƙe ƙafa. Kada yaro ya tafi shi kaɗai, kada ya tafi ba da sanin gida ba, kuma wanda bai iya iyo ba kada ya shiga kwalekwale. A matse ƙayar ƙugiya da filaya kafin a ba ƙananan yara, don in ta shiga yatsa ta fita da sauƙi. A ajiye ƙugiyoyi cikin gwangwani mai murfi, nesa da masu rarrafe. Kifin da aka kama a bakin magudanar masana'antu ko inda kwatoci ke zuba, a bar shi. Ƙananan da ba su isa ci ba a mayar da su ruwa, guntayen zare da leda kuwa a dawo da su gida, kada a bar wa kogi.

Muna roƙon iyaye maza da yayye su ba da ko da awa guda bayan la'asar su zauna da yara a kan wannan aiki, iyaye mata kuma su buɗe musu kwandon tsumma da gwangwanin zare. Yaron da ya koyi zama ya naɗa zare a ƙugiya har ya yi kyau ya koyi haƙuri da lura, hannunsa kuma ya faɗa, gobe in an kai shi wurin tela ko mai gyaran agogo ko waya ba zai zama baƙo ba. Guntun gatarinka, in ji magabata, ya fi sari ka ba ni.

Duk wanda ya gwada wani abin da ba mu ambata ba ya ga ya ci, ya aiko mana da bayaninsa ta hannun masu raba wannan mujalla, za mu sanar da sauran 'yan'uwa. Allah Ya tsare mana zuri'armu a tudu da ruwa, Ya sa albarka a abin da hannuwansu ke yi. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.